Ƙullin Riɗi a Gindin Jaka

Fort Washington,
Lahadi, bayan an taso daga sujada.

'Yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin sauka lafiya a garin nan na bakin teku, gajiyar jirgin sama kuma ta sake ki. Allah ya tsare ki a kan ruwa da kan tudu, ke da abokan tafiyarki, ya kai ku tsibirin nan lafiya. Babanki yana gaishe ki. Shi ne zai ɗauki hoton takardun nan da wayarsa ya tura miki, tunda na yi ta kira kin ƙi ɗagawa. Ban ga laifinki ba. Da ni ce ma ba zan ɗaga ba, kin kuwa san inda kika gado halin.

Da gangan na rubuta da Hausa. Da Turanci ne, da kin watsa ido sau ɗaya kin ce kin gane. Wannan kuwa dole ki nemi wuri ki zauna, ki bi ta a hankali kina motsa leɓe, yadda kike yi da littafin waƙoƙi a coci.

Kafin ki ci gaba, tashi ki ɗauko koriyar jakarki ta goyo. Juye kayan duka, ki zura hannu can gindinta daga ciki, ta wajen hagu. Za ki ji wani ɗinki da baƙin zare wanda ba na kamfani ba. Nawa ne, ki farke shi. Akwai ƙulli a ciki, a tsumman atamfa: ɗanyen riɗi ne da 'yar acca, cikin wanda aka aiko mana daga gonar Kaka, mahaifiyata. Ni na sa shi kina wanka, da safiyar tafiyarki. Rahila, kada ƙullin nan ya hau jirgin ruwa. Amma kada ki jefar da shi tukuna, ki karanta har ƙarshe.

Ba zan ce ban san doka ba. Kin gaya mini har kin gaji. Kin ce tsibirin ba mutum ko ɗaya da ke zaune a cikinsa, sai tsuntsaye da ƙaguwa da kunkurun teku, kuma ku da za ku je duba su ba a yarda ku shiga da ko ƙwayar iri ɗaya ba. Tufafi sai sababbi, takalmi sai an goge ƙasansa da buroshi, jaka sai ta kwana a firiza. Har kika ce sanyin firiza ƙwari yake kashewa, ba ya kashe iri. Na ji wannan sarai, shi ya sa ma na yi ɗinkin da kyau.

Kin tuna yadda na cika teburin cin abinci da guzurinki: kilishi, yaji, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa. Kika tsaya kina kallo, kika ce, "Mommy, ko ɗaya ba zai shiga ba." Kika riƙa mayar da su cikin kabad ɗaya bayan ɗaya. Ke doka kike bi, ni kuwa abin da na gani shi ne 'yata tana mayar mini da hannuna. A gidanmu ba a taɓa barin ɗa ya fita tafiya ba guzuri. Ranar da zan tafi makarantar nas, Kaka ta ƙulle mini acca a bakin zane, ta ce ko ban dafa ba in riƙa jin nauyinta a ƙuguna. Da zan taho ƙasar nan ma haka ta yi. Shi ya sa raina ya ɓaci, har na ce miki, "Wato tsuntsu ya fi uwarki ke nan?"

Kuma da kika zo bakin ƙofa kika durƙusa, kika haɗa Hausarki da ƙyar kika ce, "Mama, ki yafe mini, ki sa mini albarka," sai na juya ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ban amsa ba. Ina ji motar babanki ta tashi, ban ko leƙo ba.

Babanki ya kai ki filin jirgi ya dawo. Washegari da yamma ya kunna bidiyon nan da kika yi ta roƙona in kalla ina cewa ba ni da lokaci, ya ce, "Maman Rahila, zo ki zauna ki ga inda 'yarki za ta." Na zauna a hannun kujera, don ya san ba daɗewa zan yi ba. Ban tashi ba sai da ya ƙare.

Rahila, ashe akwai irin wannan wuri a duniya? Ƙasa shimfiɗe, ba tudu ba dutse, yashi fari fat, ruwa kuma shuɗi kamar an zuba masa bula. Da farko na ɗauka hayaƙi ne ya tashi a kan tsibirin, sai da aka matso na ga tsuntsaye ne, sun rufe sama, kukansu har mai magana ba a ji. Aka nuna wata 'yar farar tsuntsuwa mai manyan baƙaƙen idanu, ta sa ƙwai ɗaya tak a kan reshe, ba sheƙa ba komai, iska tana kaɗa reshen, ƙwan yana nan zaune. Na ce wa babanki, "Wannan wace irin uwa ce marar tanadi?" Ya ce, "To, ga shi ɗan ya ƙyanƙyashe." Na duba, ga shi kuwa ya damƙe reshen da 'yan ƙafafunsa.

Aka nuna wani tsuntsu da aka ce in ya tashi yana ƙarami yakan yi shekaru a kan teku bai taka ƙasa ba. Aka nuna ƙaguwa, girmanta ya kai tukunyar miyarmu, tana hawan bishiyar kwakwa kamar ita ta shuka ta. Sai kunkuru, tsohuwa, ta fito daga ruwa tana jan jiki tana nishi, ta zo ta haƙa rami a yashin da aka ƙyanƙyashe ta shekaru masu yawa da suka wuce. Wa ya nuna mata hanya? Ni da ko garin Gaithersburg na nan jiharmu zan je sai waya ta riƙa gaya mini dama da hagu! Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ba sa tsoron mutum. Wani tsuntsu ya sauka a kan hular mai ɗaukar hoton, ya zauna yana gyaran fiffike. A ƙauyenmu, ka sunkuya kawai kamar za ka ɗauki dutse, duk tsuntsun da ke wurin ya watse. Waɗannan ba a taɓa jifansu ba. Na ji kamar an ɗaga mini labule na leƙa duniya a makon da Allah ya gama yin ta.

Can wajen ƙarshe sai aka nuna wani tsibirin na kusa. Aka ce da shi ma haka yake, sai irin wata ciyawa ya shiga a kayan wani matafiyi. Ciyawar ta kori ta asali, ta rufe inda tsuntsaye ke haƙa ramukansu su yi ƙwai, suka rasa wurin haihuwa. Kore ne shar, mai kyan gani. Amma ba ka jin komai sai iska. Shirun nan ne ya kama ni, don na san shi.

Ban taɓa ba ki labarin furen nan ba. Ina yarinya na je hutu wurin Goggona a Jos, tana aikin dafa abinci a wani babban gida. Shingen gidan wata shuka ce mai 'yan ƙananan furanni, ja da rawaya a dunƙule ɗaya, ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Ranar komawa na karyo reshe, na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, na rungume shi a mota har gida. Na dasa a bayan rumbu ina ba shi ruwa safe da yamma, don in faranta wa Kaka rai. Ya kama. Ya yi 'ya'ya baƙaƙe, tsuntsaye suka ci suka kai duk inda suka ga dama. Kafin in gama makaranta ya cinye makiyayar da ke bakin rafi, ya toshe hanyar ɗebo ruwa, akuyar da ta ci ganyensa sai ta kwanta. 'Yan tsuntsayen da ke saƙa sheƙa a dogayen ciyayin wurin, waɗanda hayaniyarsu ke tashinmu da safe, suka bar mana rafin. Kakanki ya sare, ya ƙone, ya tone saiwa, har ƙarfinsa ya ƙare yana fama da abin. Ƙila ba ni kaɗai na kawo shi yankin ba, amma na bayan rumbunmu na san hannun da ya dasa.

Da ƙauna na ɗauko reshen nan, Rahila, amma shuka ba ruwanta da niyyar wanda ya dasa ta. Ga shi na tsufa, na yi furfura, na sake ƙulla irin wannan ƙullin da irin wannan ƙaunar. Da bidiyon ya ƙare na gaya wa babanki abin da na yi. Ya dube ni ya ce, "Maman Rahila, mai wa'azi a zumuntar mata, ashe fasa-ƙwauri kike yi?" Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Don haka ga abin da zan ce miki. Ki goge ƙasan takalminki ko ba mai kallo. Ki duba aljihu, ki duba naɗin ƙafar wando. In kin ga wani ya yi sakaci, ko da ya girme ki, ko shi ne shugaban tafiyar, ki faɗa masa cikin ladabi, amma ki faɗa. Ki fara da ni: ki kai wa shugaban jakar nan, ki nuna masa ɗinkin, ki ce uwarki ce ta yi. Riɗi ƙanana ne, ban sani ba ko wasu sun zube a cikin shafin jakar. In ya ce a bar jakar a can, a bar ta. Na san da kunya, sabuwar zuwa ki fara da irin wannan labari, kuma na san yadda kika wahala kafin a zaɓe ki. Amma gara ki ji kunyar a gabansa yanzu da a tarar da riɗi ya yi fure a tsakiyar ramukan tsuntsaye bayan ruwan sama, a rasa daga ina.

Jiya Asabar ba ni da aiki. Na shiga ɗakinki na ɗauko tsohon madubin hangen nesanki, wanda igiyarsa ta tsinke kika ƙulla, na gangara bakin kogin Potomac da safe. Tun kina 'yar firamare muke unguwar nan, amma ni kogin nan ban san shi ba sai ta tagar mota. Kin tuna yadda kike jan hannuna kina cewa, "Mama, look, look!" ni kuwa ina fizge ki ina cewa za mu makara? Kullum muna makara, kuma yau in an tambaye ni ina muke saurin zuwa, ba zan iya faɗa ba.

Na zauna a kan benci. Da farko ban ga komai ba sai ruwa, har na fara cewa a raina yarinyar nan dai ba ta da aikin yi. Sai ga tsuntsun nan naki mai kama da shaho, mai farin ƙirji, wanda kika ce yana tafiya kudu can ƙetaren teku in sanyi ya zo, ya dawo kan sheƙarsa ta bara. Ya tsaya cak a sama yana kaɗa fiffike a wuri ɗaya. Na san wani abu zai faru. Sai uwarki mai wayo ta sunkuya tana laluben waya a jaka don ta ɗauki hoto. Na ji "fanjam!" Kafin in ɗago ya riga ya tashi, ruwa yana zuba daga jikinsa. Na ji haushin kaina ƙwarai.

Na kashe wayar, na tura ta ƙasan jaka, na ce yau ko ni ko shi. Na jira har cinyoyina suka yi tsami. Wata Baturiya mai yawo da kare ta gaishe ni, na ɗaga mata hannu kawai. Ki gaya wa duk wanda ya san ni cewa na zauna tsawon safiya ban yi magana ba, ki ga ko zai yarda. Sai ya dawo. Wannan karon na gani da idona: ya naɗe fiffike, ya sako ƙafafu gaba, ya faɗa ruwan gaba ɗaya har ya ɓace, sannan ya fito da kifi yana walƙiya. Yana cikin tashi ya girgiza jiki, ya juya kifin ya sa kansa yana duban gaba, don kada iska ta dame shi. Wa ya koya masa wannan? Ban san lokacin da na miƙe tsaye na ce, "Kai, Allah da girma yake!" ba. Hawaye suka zubo mini, ni kaɗai a bakin kogi da madubin yara a wuya.

Na san can aiki za ki yi, za ki ƙirga, ki auna, ki rubuta. Ki yi shi da gaskiya. Amma in abin mamaki ya zo gabanki, ki bar hannunki ya huta, ki fara gani da ido. Hoto wani ma zai ɗauka. Kuma kada yawan gani ya sa abin ya zame miki kamar shinkafar kullum. Na ga haka a asibiti: shekarar farko duk jaririn da aka haifa sai na yi addu'a a zuciyata, daga baya sai na koma duba agogo ina rubuta lokaci kawai. Ranar da kika lura kin wuce kunkuru ba ki ko tsaya ba, ki koma baya ki tsaya.

Akwai kuma abin da na yi miki a bayan idonki. Duk lokacin da matan zumunta suka tambaye ni me kike karantawa, sai in ce, "Wajen likitanci ne, na dabbobi," in yi sauri in canza magana. 'Yar wance tana harhaɗa magunguna, ɗan wance lauya ne, ni kuma in ce tawa tsuntsu take bi? Kunya nake ji. Yau da aka ba da lokacin roƙon addu'a na miƙe na ce, "'Yata Rahila ta tafi wani tsibiri a tsakiyar teku, za ta zauna cikin tsuntsaye ta ga yadda suke rayuwa, don kada su ƙare. Ku taya ni yi mata addu'a." Wata daga baya ta ce, "Tsuntsu kuma? Ana biya?" Na ce mata ta zo gida in kunna mata bidiyo. Ke dai kada ki yi irin tawa. In an tambaye ki aikinki, ki faɗe shi da sunansa, kada ki rage murya.

Saura magana ta nas, ki haƙura da ni. Shekarata ta farko a ƙasar nan na yi rashin lafiya na ɓoye, don kada a ce baƙuwar nan ragguwa ce. Na yi ta aiki da zazzaɓi har na yanke jiki na faɗi a gaban majinyaci, waɗanda nake gudun ɗora wa nauyi su suka ɗauke ni. Inda za ki ba asibiti, jirgi kuma ba kullum yake zuwa ba. In dutsen cikin ruwa ya yanke ki, ko ƙanƙani ne, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki nuna wa mai kula da lafiyarku a ranar. In fitsarinki ya yi duhu, ruwa ne bai ishe ki ba. Ki sa hula. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, kada wani ya ruɗe ki.

To, yanzu ƙullin. Kin ce gidan da za ku sauka akwai wurin girki. Ki kwance shi a kan faranti, a cikin ɗaki, ba a waje ba. Ki ware riɗin ki wanke, ki soya shi a busasshen kasko, wuta kaɗan, kina juyawa har ya fara tsalle yana ƙamshi. Accar ki wanke ta sosai saboda yashi, ki dama kunu da ita, ki daka riɗin ko da gindin kofi ne ki zuba a kai. Ba shi da yawa, amma ki ba kowa a cikin abokan tafiyarki ko cokali ɗaya ne, har da shugaban. Ki ce daga gonar kakarki ne, a kan duwatsun Filato. Tsumman kuma ki ƙone shi ko ki ba su su san yadda za su yi da shi.

Sauran ki shanye tas. Abin da ya dahu ba ya tsira a ƙasar kowa, abin da ya shiga cikinki kuma ba mai binciken da zai fitar da shi. Da haka guzurina zai taka tsibirin, ba tare da ya kori ko tsuntsu ɗaya ba. Da na yi tunani tun farko, da a kan teburinmu na dama miki shi, na zauna ina kallo kina sha.

Kin durƙusa a bakin ƙofa ban amsa ba. Yanzu nake amsawa. Na yafe miki, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba. Ni ce zan ce ki yafe mini. Allah ya yi miki albarka, Rahila. Ya albarkaci idonki da hannunki da ƙafar da za ki taka yashin nan da ita. Wanda yake riƙe ƙwan nan a kan reshe ba sheƙa, ya riƙe mini ke. Wanda yake nuna wa kunkuru hanyar yashin da aka haife ta, ya nuna miki hanyar gida in lokaci ya yi. Ya kwantar muku da teku, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Kin ce in jirgin ruwa ya tashi ba sauran waya sai kun dawo. In kin ji za ki iya, ki kira ni kafin nan. Wayar tana aljihun rigata ko ina bakin aiki, na kuma ƙara mata ƙara. Ba sai kin yi doguwar magana ba. Ki ce mini kawai kin sha kunun.

Ni ce mamanki,
Hannatu.